Shekarar da Shamuwa Ba Ta Sauka a Gonarmu Ba

Shekarun baya, zamanin Turawa, ina sabon ango, kaina na hayaƙi, gani nake duk ƙasar Rabah babu mai wayona. A gonarmu akwai gawo uku manya. Duk shekara nan shamuwa ke sauka ta yi sheƙa. Mahaifina kuwa ba ya taɓa irin shuka, ko da ruwa ya kwana yana zuba, sai ya ga shamuwa ta fara ɗaukar tsinke a baki. Ita ce ke faɗa masa damina ta zauna.

Sai malamin gona ya zo da zancen garmar shanu. Ya ce duk mai so sai ya sare itatuwa, ya tumɓuke kututture, don garma ta tafi sak. Kowa ya ɗauki gatari. Ni kuma, sarkin zumuɗi, na jira ranar da mahaifina ya tafi kasuwar Gandi, na kira abokina muka kayar da gawon nan duka uku. Har waƙa muke yi.

Da ya dawo bai yi faɗa ba. Ya tsaya kan tsofaffin sheƙu da suka warwatse a ƙasa, ya ce, "Mi kay yi haka? In sun taho, ina kaka son su sauka?"

Na ce, "Baba, tsuntsu fa ne. Zai nemi wani wuri."

Sun zo ɗin. Kwana biyu suna kewaya sama, babu itace ko ɗaya tun daga gonarmu har bakin fadama. Suka wuce.

Ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi. Mahaifina ya ce a dakata. Na ce a dakata wa wa? Na kwashe irin geronmu kakaf na shuka. Ya tsiro gwanin sha'awa, sannan sama ta ɗauke, mako uku ko ɗigo. Komai ya ƙone ƙurmus. Ranar da damina ta gaskiya ta zo, ba mu da ko tafi ɗaya na iri. Dattijon da bai taɓa roƙon kowa ba, shi ya bi gida-gida da ƙwarya. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Bayan nan aka zo da feshin fara, abincin shamuwa ma ya ƙare. Ba su sake waiwayar gefenmu ba.

A bazarar da ya kwanta ciwon ajali, ido ya riga ya tafi, ya riƙo hannuna ya ce, "Sun taho?"

Na dubi sama, fayau. Na ce, "Sun taho, Baba."

Ya ce, "To, ku yi shuka."

Yau na girmi mahaifina a shekaru. Na dasa gawo ya fi a ƙirga, wasu har sun yi inuwa, amma ko sheƙa ɗaya babu a kansu. Ƙaryar nan ita ce maganata ta ƙarshe da shi, kuma har yanzu ban samu ranar da za ta zama gaskiya ba.