Faramarz, Matuƙin Jirgin Yaƙi na Dezful

Faramarz Lutfi ɗan mai gasa gurasa ne a garin Dezful na ƙasar Iran. Yana yaro, in jirgi ya gifta sai ya saki baki yana kallon sama har gurasar ta ƙone, uban ya murɗe masa kunne. Da ya girma ya shiga sojan sama, ya ƙware, ya auri Mahin, 'yar maƙwabcinsu.

Da mulkin sarki ya faɗi aka tsare irinsu, wai yaran tsohuwar gwamnati ne. Yana kurkuku yaƙi da Iraƙi ya ɓarke, aka rasa matuƙa. Wanda ya kulle shi ne ya zo ya buɗe masa, yana ta kame-kame. Faramarz ya fito ya koma bakin aiki.

Aka haɗa shi da Yadullah, wani Bakurde mai barkwanci, shi ke zama a kujerar baya yana hango musu abokan gaba. Duk tashi sai ya ce, "Ɗan mai gurasa, a hankali dai, ni ba ƙullu ba ne." Jirage tara suka kakkaɓo, har aka sa hotonsu a jarida.

Ana sanyi aka harbo su a kan teku. Dukansu sun dira da lemar saukowa daga jirgi, amma Faramarz kaɗai masunta suka tsamo, bayansa a karye. Da ya fara takawa ya dogara sanda har Karmanshah, wajen mahaifiyar Yadullah. Ta zuba masa shayi, ta daɗe tana dubansa.

"Kai ke tuƙin, ɗana?"

"Ni ne, Inna."

"To yaya aka yi ka dawo, ka baro shi cikin ruwa?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba, so take ta sani. Shayin ya huce a gabansa bai sha ba.

Bai sake tashi da jirgi ba. Bayan yaƙi makarantu suka riƙa gayyatarsa ya ba ɗalibai labari, yana cewa ba shi da lafiya. Sau ɗaya ya gaya wa Mahin cewa cikin jirage taran nan da suka kakkaɓo, huɗu bai ga lemar matuƙansu ta buɗe ba. Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, maganarsa ta ɗauke. Mahin ta yi ta jinyarsa har ya cika, wata Laraba bayan azahar.