Mun Kai wa Kawu Albam Har Gona

Mun tashi da asuba, ni da yayana, ko shayi bai iya sha ba. Ni kuwa na sha nawa na ɗora da nasa, tunda ba ni za a yanke wa hukunci ba.

Bari in warware muku, don na san rabinku shaƙiyancina ne ya kawo ku shafin nan, ba kiɗa ba. Akwai wata ƙungiyar makaɗa a Kano mai suna Dogon Zango. Kiɗan Turawan nan suke yi mai jita da ganguna, wai shi rok, amma irin mai dogon numfashi. Waƙa ɗaya sai ta ci minti ashirin, ta canza tafiya sau biyar, ka ɗauka ta ƙare ashe ruwa ta tsaya sha. Wanda ya kafa ta ƙanen mahaifiyarmu ne, Kawu, shi ne mai jitar. Ya daɗe da rataye ta ya koma ƙauye wajen Gafasa ta ƙasar Ajingi yana noma, ya bar wa Yaya ƙungiyar da sharaɗi ɗaya: duk abin da za a fitar da sunan Dogon Zango sai ya ji da kunnensa ya yarda. Yaya tela ne da safe, makaɗi bayan la'asar. Shekara biyu yana haɗa sabon albam, kuma ya faɗa a gaban kowa, in Kawu ya ce a'a zai goge shi ya rungumi keken ɗinkinsa, shi da kiɗa har abada.

Ni kuma sana'ata tura wa mutane waƙoƙi a waya a bakin titinmu, don haka aka ba ni muƙamin riƙe mimori da 'yar sifika.

A Unguwa Uku muka hau bas. Kuɗin mota ya ƙara tashi, kwandasta ya ɗora wa fetur laifi, shi kuma fetur bai zo ya kare kansa ba. Aka cusa mu huɗu-huɗu, ni a jikin taga. Na toshe kunne da tsohon albam ɗin su Kawu, muka miƙa. Jama'a, damina ta yi kyau bana. Tun daga bayan gari komai kore, gajimare sun sauko ƙasa-ƙasa kamar su ma motar suke so su shiga. Jitar Kawu ta fara a hankali, kamar mutum yana kiran wani daga can nesa, ganga ta biyo ta da gudu, can ta fasa gudun ta koma rangaji, kukuma ta shigo tana ba su haƙuri. Muna hawa gadar Wudil kiɗan ya ɗauke ɗif, saura igiya ɗaya tana rawa. Kogi ya cika ya yi ja, wani mai kwalekwale yana tsakiya ko motsi ba ya yi. Ban san sanda barci ya ɗauke ni ba. Waƙa ta huɗu kawai aka shiga da na farka a Gaya.

Sabon albam ɗin ba haka yake ba, kuma shi ne abin da ya hana Yaya shan shayi. Jita ta ja baya, fiyano ya shigo gaba yana zuba kamar ruwan indararo, muryar Yaya ta yi ƙasa kamar mai gudun tashin jariri, a ƙarƙashi kuma akwai wani cakat-cakat da ba ya tsayawa. Waƙoƙin gajeru, minti uku-uku. Ni dai a raina na gama yanke cewa don 'yan waya ya datse su, mutanen da babban yatsansu ba ya zama wuri ɗaya. Kwastomomina ne, na san halinsu.

A Gaya muka jira motar Ajingi ta cika. Na sha fura da nono mai sanyin tukunya a wajen wata Bafulatana da ta ce kindirmonta ba ya son surutu, in sha in ba ta ƙwaryarta. Na bi da gasasshiyar masara biyu. Yaya ya riƙe tasa har ta huce. Hanyar Ajingi gero ne dama da hagu, ya fi motar tsayi, iska na kaɗa shi gaba ɗaya ya kwanta ya tashi, ka rasa ku ke tafiya ko shi. Ba ranar kasuwa muka je ba, rumfunan duk barci suke, awaki ne masu gadi. Daga nan ɗan acaɓa ya kwashe mu mu biyu, ya dinga kauce wa kududdufai kamar yana bin wani kiɗa da shi kaɗai yake ji.

A gonar gyaɗa muka samu Kawu, fartanya a kafaɗa. Aka gaisa, ya tambayi Umma, ya ce min har yanzu ban ƙara tsawo ba sai baki. Na ɗauka gida za mu je a shimfiɗa tabarma. Ina. Ashe shi tun yana saurayi, tun zamanin da ake fita gayya da gangar noma, da tsawon kunyar gona yake auna waƙa. Ya fara noma a bakin kunya, waƙa ta fara, in ta kai shi ɗaya bakin to ta yi. Abin da ya sa waƙoƙinsu suke da tsawon nan ke nan, ni ban taɓa sani ba. Kunyoyin Kawu kuwa, in ka tsaya a wannan kan, mutumin da ke wancan kan sai ka ɗauka tsuntsu ne.

Ya rataya min sifika a wuya ya ce in bi bayansa. Yaya ya koma gindin ɗorawa ya tsuguna.

Na kunna ta farko. Fiyano ya bazu a kan ganyen gyaɗa, fartanya na sara, ƙasa na ƙamshi. Wallahi ta yi daɗi a wurin fiye da a situdiyo. Ko kashi ɗaya cikin uku na kunyar ba mu ci ba ta ƙare. Kawu ya tsaya da fartanya a sama yana jiran ci gaba, ba ci gaba. Ya sauke fartanya ya ci gaba da sara. Ta biyu ma haka. Na waiga, na hango Yaya yana ta jan zare daga hannun rigarsa.

A ta uku na ce bari in yi taimako irin namu na bakin titi. Hannu a aljihu, tana kai ƙarshe na mayar da ita farko, a tunanina haka zan yi ta juya ta har mu fita. Kawu ya yi sara uku ya tsaya.

"Kai, ɗan nan. Ni na yi gaba, waƙa ta koma baya. Fito da hannunka daga aljihu."

Na fito da shi. Kawu ya yafito Yaya, ya jingina da ƙotar fartanya, ya tambaye shi abu ɗaya, da me ya auna waƙoƙin nan. Ya ce in da yatsan 'yan waya ne, ya faɗa masa gaskiya a rabu lafiya.

Yaya ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ni ba ni da gona. Keke gare ni. Kalmasa ƙasan riga zagaye ɗaya, waƙa ɗaya."

Ashe cakat-cakat ɗin nan da na ɗauka gangar kwamfuta ce, kekensa ne ya naɗa. Gida ɗaya muke kwana, ni mai cewa na san kiɗa.

Kawu ya saɓa fartanya ya ce mu je. Ya shiga gida ya fito da rigarsa ta Juma'a wadda ƙasanta ya warware, ya kai mu rumfar wani dattijon tela, ya roƙi aron keke. Yaya ya zauna, ya lanƙwasa bakin rigar, ya ɗora ƙafa. Na kunna.

Wannan minti ukun ban san yadda zan ba ku labarinsu ba. Keken cikin sifika da keken gabanmu suka haɗe, ka kasa raba su. Farin yadi na tafiya ƙarƙashin allura kamar hanya, hadari na haɗuwa a gabas, wata mata da tulu a ka ta tsaya ta manta inda za ta. Ni kaina sai na ji kamar muna kan gadar Wudil har yanzu.

Waƙa ta ƙare, saura taƙi ɗaya ɗinki bai haɗe ba.

Yaya ya ce cikin sanyin murya keken ne yake son mai. Dattijon ya ce kekensa ya girmi Yaya, kuma bai taɓa jin wanda ya kawo ƙararsa ba. Ni dai na fara cire sifika daga wuyana. Sai muka ji Kawu yana wani kiɗa da baki, can ƙasan maƙogwaro, irin kukan jitarsa na da. Ya yi wa Yaya alama da haɓa ya ci gaba. Kawu ya raka shi da kiɗan bakin har allura ta dawo inda ta fara, Yaya ya yanke zare.

Kawu ya ɗaga rigar ya duba kalmasar a haske.

"Sa sunan. Amma taƙin nan da ya rage nawa ne, kar kowa ya taɓa min. In an cire gyaɗa zan shigo da jita."

Sai a lokacin Yaya ya tuna yana da ciki. Ɗanwaken da matar Kawu ta kawo, kwano biyu ya tashi da su, har da nawa. Na yafe, ramuwar shayi ce.

Ruwa ya tare mu a Gaya, ya rako mu har Wudil, muka shigo Kano ana kiran magariba. Yaya ya yi barci a kafaɗata tun daga gada, ƙafarsa na taka keken da babu.

Abin da tafiyar nan ta koya min, ni da na ajiye biro a aji uku: kafin ka ce kiɗan mutum ya lalace, tambaye shi a kan wane aiki yake yin sa. Na biyu kuma, in an rataya maka sifika a gonar Kawu, bar hannunka a waje.