Barewar da Mahaifina Yake Jinya

Ni ne ɗan fari a gidanmu, don haka mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. Idan yana son magana da ni sai ya ce “kai”, idan da mutane sai ya ce “yaron nan”. Kunyar ɗan fari ce, kowa a Adar ya san ta, kuma na girma ban ɗauke ta laifi ba.

Bayan ya ajiye aikin likitan dabbobi a Tahoua, sai ya koma taimaka wa wani ƙaramin gandu da ke arewa da Takanamat, inda ake jinyar namun dajin da aka karɓo daga hannun mafarauta da gidajen masu hali. Wata shekara bayan damina mahaifiyata ta ba ni maganin hawan jininsa na kai masa.

Na same shi zaune a ƙasa cikin wani shinge, da ƴar barewa kwance a cinyarsa. Tarko ne ya karya mata ƙafar baya. Yana warware tsumman ɗaurin yana yi mata magana da wata murya da ban san yana da ita ba.

“Yi haƙuri, ɗiyata. Mi na yi miki? Kaɗan ya rage, ƴar baba.”

Na tsaya da ledar magani a hannu. A lokacin ina da ƴaƴa uku, ga furfura ta fara fito mini, amma abin da na ji a ƙirjina kishi ne, ba shi da wani suna. Na tuna shekarar da na karye a hannu ina makarantar firamare: ya zo bakin ƙofa, ya tambayi mahaifiyata ko yaron nan ya ci abinci, ya juya.

Abokin aikinsa, wani dattijo Buzu mai yawan barkwanci, ya ce, “Likita, ga babban ɗanka, ka bar ƙanwarsa ta gaishe shi mana.”

Mahaifina bai ɗaga kai ba. “Ce mishi ya zo ya riƙe min wuyanta.”

Na durƙusa na riƙe. Gwiwata ta taɓa tasa, bai janye ba saboda aikin hannunsa. Ina jin bugun zuciyar barewar a tafina. Da na matsa da yawa, ya ce wa Buzun, “Ce mishi ya sassauta, ba akuya ba ce.”

Daga baya Buzun ya zagaya da ni. Ya nuna mini wasu bareyi daga nesa, a bayan shingen waya. Waɗannan, in ji shi, ba a taɓa su, ba a yi musu magana, don kada su saba da mutum, tunda daji za a mayar da su. Wadda ake lallashi ita ce wadda ƙafarta ba za ta koma daidai ba, nan za ta tsufa.

Na gane abin da yake so na fahimta, wato ni ma cikin waɗanda ake shirya wa daji nake, na kuma gode masa. Sai dai da na leƙa yin sallama, na tarar mahaifina yana shafa mata bayan kunne, idonta a lumshe. Na ce, “Baba, zan koma.” Ya ce, “To, a gaida gida.” Hannunsa bai tsaya ba. Na daɗe ina kallon ƙafar nan mai ɗauri kafin na fita.