Jakin da Ke Ratsa Gonar Mutane

Ɗiyar yayana tana karatun kwamfuta a Katsina. Da ta zo hutu Batsari bayan kaka, ta karɓi wayata ta saka mini wani gem, wasan waya da ta haɗa da kanta, wanda za ta nuna wa malamanta ranar Litinin. Ta ce in buga, duk kuskuren da na gani in faɗa mata, amana ce. Da ba ta ambaci amana ba, da hankalina bai tashi ba.

Ni rabona da gem tun muna Runka, lokacin da mahaifinta ya sayo wani ɗan abu mai batir biyu, bulo na faɗowa kana jera su. In batir ya mutu mu shanya shi a rana kan dutse, ya ƙara mana ɗan lokaci. Wancan bai taɓa sa ni shiga haƙƙin kowa ba. Bulo ne kawai.

Nata kuwa jaki ne ɗauke da damman gero, kana kora shi daga gona zuwa rumbu. Ta yi shi da 'yan ɗige-ɗige da ƙara irin ta dā, saboda labarin namu da babanta ya ba ta. Ranar farko na rubuta mata kurakurai a bayan kalanda: dami shida sun yi wa jaki yawa, ba a shayar da shi, rumbun kuma a ƙasa yake ba duwatsu, gara za ta cinye shi. Ta karanta tana dariya, ta ce inda gem ɗin ke tsayawa ko lalacewa take nema.

Abin da ya fi damuna, hanyar ta bi ta tsakiyar dawar da ba a girbe ba. Na tambaye ta gonar wa ce, ta ce ba ta kowa ba ce, ado ne. Ni dai ban taɓa ganin dawa ta fito da kanta a kan kunya ba. Washegari na ja jakin gefe, na bi da shi ta kan iyaka a hankali. Sai ya nutse ya ɓace, da dami da komai, gem ɗin ya ƙame.

Na kashe waya na kunna, na hura mata iska, gem ɗin ya ƙi buɗewa. Kwana biyu ina kauce wa yarinyar, don na tabbata na hallaka mata aikin watanni. Ranar Asabar tana haɗa kaya na kira ta zaure na faɗa mata gaskiya.

"Baffa, ta kan iyaka ka bi? Duk waɗanda suka gwada ba wanda ya taɓa bi ta nan."

Ta ce aikin yana nan lafiya cikin kwamfutarta, kuma irin wannan kuskuren take nema tun farko. Kafin la'asar ta gyara. Na buɗe da murna, na kai jakin bakin iyaka, sai na tarar ta gina katanga a wurin.

"Ɗiyata, ai hanya ake buƙata a nan, ba katanga ba."

"Ka ratsa kawai, Baffa. Mai gonar ya yafe."

"Daga bakinsa kika ji?"

Ta koma Katsina, malamanta sun karɓi aikin. Jakin yana nan tsaye a bakin dawa da dami shida a bayansa. Ban ratsa ba, ban kuma iya sauke masa kayan ba, don ba ta sa wajen da ake dannawa a sauke ba.