Bitrus Ya Tafi Da Yunwarsa

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Bitrus, mai fasa dutse a Mpape, kuma bana na ji wata magana a kansa wadda na kasa faɗa wa matarsa Lami. Ni direban tifa ne, a wurin lodi muka saba. Siriri ne kamar kara. A wani ƙauyen Filato ya taso maraya a hannun kakarsa, inda akan kwana ba a ɗora tukunya ba.

Da asibiti suka ce yana da ciwon suga, dariya muka yi masa. Muka ce ya aro ciwon manyan ma'aikata bai aro tumbinsu ba. Sai masu ba da shawara suka yi wa Lami caa: a hana shi tuwo, a hana shi shinkafa da doya, a dinga ba shi ruwan shuwaka. Kowa da ogan da ya sani wanda hakan ta yi wa amfani. Lami kuwa in ta riƙe magana ta riƙe ke nan. Ɗan acha da ganye zai ci, ya saɓi guduma ya hau dutse. Muna kallo ya ƙare a tsaye, har ranar da ya faɗi bai tashi ba.

Bana ciwon ya zo kaina, ni mai tumbin. Da likita ta ce in rage ci, sai na ba ta labarin Bitrus. Ta tambaye ni yadda ya taso. Sannan ta ce suga ba iri biyu kaɗai ba ne, akwai wanda yunwar ƙuruciya ke jawowa, tana lalata jiki tun mutum yana ƙarami. Mai irinsa abinci mai gina jiki yake buƙata da kulawar likita, ba horon yunwa ba. Ba ta rantse cewa irinsa ne ya kama shi ba, tunda ba ta gan shi ba. Ni na gan shi.

Raina ya ɓaci, har yau bai huce ba. Da Bitrus zai leƙo ya ji wannan bayani, na san ba zai zargi kowa ba. Tambaya zai yi ko da sauran tuwo.

Ranar Lahadi na je wurin Lami a Jabi, inda take sayar da abinci, da niyyar in faɗa mata. Tana jin ciwona ta janye kwanon da ta ajiye mini.

"Baban Aisha, ka ce wa madam ta riƙe ka da kyau," in ji ta. "Ni ko loma ɗaya ban ƙara wa mijina Baban Dauda ba. Yana roƙona yana kuka, ni ma ina kuka, amma ban ba shi ba. Wannan dai Allah ba zai tambaye ni ba."

Abin da ya rage mata na mijinta ke nan, cewa ta tsaya masa. Wannan ne ke riƙe da ita duk shekarun nan. Na dubi fuskarta na ce haka ne, ta yi ƙoƙari.