Ba Batir Ne Ya Yi Sanyi Ba

Bodinga, ƙarfe shida saura kwata

Ina sallame sallar asuba na ɗumama wa yara tuwo, na yi wa Malam sallama. Ya ce, "Allah ya sa ki dawo da abin da kika je nema." Na ce amin, na ƙulle waya da 'yar sifika a bakin zane.

Aiken Balki ne, 'yar ƙanwar mahaifina. Uwarta, Gwaggo Ige da ke Shagari, ita ta kafa ƙungiyar matan nan masu kiɗan ƙwarya a gidajen suna da biki. Da ƙarfinta ya ragu sai Balki ta karɓa, ta koma Sakkwato da matan, ta shigo da fiyano. Tun ranar Gwaggo ta ce an mayar mata da waƙa kiɗan gwangwani, shekara biyu ke nan ba ta ɗaga wayarta. Yanzu Balki ta gama sabon kundi mai waƙa takwas, ta sa muryar uwarta ta tsohon kaset a ciki. Ta ce mini, "Yaya, ki kai mata ta ji. In ta ce a'a, wallahi goge shi zan yi gaba ɗaya."

Keke ya sauke ni a tasha. Shida da rabi bas ta cika, ni da buhun albasa muka raba kujera.

Kan hanya

Da muka wuce shingen jami'an tsaro sai direba ya hango sifikata ta madubi.

"Hajiya, ki sa muna wani abu mana, rediyona ya mutu."

Na fara da tsohon kaset da aka juye mini a waya. Ƙwarya uku, shantu, tafi, da muryar Gwaggo siririya tana gudu kamar ana kora ta. Wata tsohuwa a bayana ta fara kaɗa kafaɗa, ta ce da wannan aka kai ta ɗaki. Na sa na tsakiya, wanda Balki ta fara yi da fiyano. Yana da daɗinsa, sai dai ƙwaryar ta ɓace, ka ce kowace waƙar waya ce. Sannan na sa sabon.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kiɗan a hankali yake tafiya, dum, sai ya jira, dum, kamar tafiyar mai ciki wata tara. Ƙwarya ce aka kifa a ruwa, amma an ja sautinta ya yi zurfi har cikin ƙirji. Balki ba ta ɗaga murya, kusan raɗa take yi. Can ƙasa kuma ana jin shuuu ɗin tsohon kaset, da gangan aka bar shi.

"Hajiya, cajinki ya ƙare," in ji direba.

"Haka aka yi shi."

"Da gangan? To Allah shi kyauta. Wanga in na ji shi bisa tuƙi, rami za mu kwana."

Aka yi dariya, har da ni.

Lambara, bakwai da minti goma

Mun tsaya an sauke albasa. Na sayi ƙosai mai zafi da goro fari biyar na Gwaggo. Tsohuwar nan za ta sauka, sai ta dafa ni ta ce, "Na ƙarshen nan bai sa ni rawa ba, amma ya tuno min da mutane." Na riƙe wannan maganar.

Shagari, takwas saura

Na sami Gwaggo a tsakar gida tana tsince wake. Muka gaisa, ta tambayi Malam da yara ɗaya bayan ɗaya, ta sa aka dama mini fura. Sunan Balki bai fito daga bakinta ba. Sai da ta fasa goro na yi bismilla a zuciyata na danna waƙa ta huɗu.

Ba ta yi minti ɗaya ba ta ce, "Ke, batir nai ya yi sanyi. Ɗauko sabbi cikin kwanon can."

"Gwaggo, ba ya cin batir."

"Ni za ki hwaɗa wa? Shekara nawa ina da rikoda? In murya ta ja haka, batir na."

Ina shirin bayani sai muryarta ta kaset ta shigo, an rage mata gudu, ta yi kauri da nauyi. Hannun Gwaggo ya tsaya cikin wake.

"Wa ya ba ku muryar Inna?"

Inna mahaifiyarta ce, kakarmu, ta rasu tun ban yi wayo ba, kuma ba a taɓa ɗaukar muryarta ba.

"Taki ce, Gwaggo. Balki ta ja ta."

Ta ce in mayar. Na mayar sau uku. A na ukun tana bi a hankali, jikinta na gaba da baya.

"Wagga ai waƙar niƙa ta," ta ce. "Haka Inna ka yin ta bisa dutsi, numfashi guda, turi guda. Mu munka sa mata gudu don mata su yi rawa su yi liƙi. Wa ya gaya wa yarinyar ga?"

"Babu kowa."

Ta share ido da gefen mayafi, ni ma na share nawa. Sai ta tashi ta shiga ɗaki, ta fito da wata baƙar ƙwarya mai ɗinki a gefe.

"Ki kai mata. Wadda ta sa cikin ruwan nan sabuwa ta, ina jin ta tana ƙara. Kuma hiyanon nan har gobe ban son shi."

"In ce ta goge?"

"Ta goge uwata? Kira min ita."

Na kira, na miƙa mata, na fita zaure na ba su wuri. Abin da na jiyo kawai shi ne, "Ke marar kunya, yaushe za ki taho?"

Komawa

Bayan azahar aka ba ni tuwon dawa da miyar kuka, ƙarfe uku na hau mota. Direban safe ne. Ya ga ƙwarya a cinyata ya ce, "Hajiya, an samu caji?" Na ce an samu.

La'asar ta yi mini a Bodinga. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam da ya bar ni na je, da tsohuwar Lambara da ban tambayi sunanta ba. Ƙwaryar tana kan kabad ɗina. Balki ta ce kada in ba kowa, ran Juma'a za ta biyo ta ɗauka, daga nan ta wuce Shagari.