Wa Zai Yi Musu Wanka?

Yau jikata ta nuna min a waya kumbon nan da ya tarwatse da 'yan sama jannati bakwai. Lokacin da abin ya faru, talabijin ɗaya ce a layinmu na unguwar Nima, a ɗakin tsohon da ke mana wankan gawa, a can muka kalla. Da hayaƙi ya rabu biyu a sama, ya kama hannuna, yatsunsa na ƙanshin kafur.

"Ɗana, kai ka zaga duniya. Waɗannan wa zai yi musu wanka?"

Ya fita tsakar gida, ya ɗaga kai, ya yi sallamar da ake yi a maƙabarta.

Allah Ya haskaka kabarinsa. Tun ranar da ya yi sallamar nan na daina ganin sama a matsayin wurin da ba kowa.